Ina shan maganin hawan jini, bugun zuciyata ya ƙi kai adadin da ake so lokacin motsa jiki

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana. Shekarata 54, nauyina kilo 88, ba ni da ciwon suga, ba ni da asma. Ƙwayoyi uku nake sha kullum da ƙarfe shida na safe: amlodipine miligiram 10, bisoprolol miligiram 5, da hydrochlorothiazide miligiram 12.5. Awon jinina a gida yana kai-komo tsakanin 132/84 da 140/88, bugun zuciya kuma 58 a minti idan ina zaune.

An ce a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne iyakar bugun zuciyarsa. Nawa ya kama 166. Aka kuma ce matsakaicin motsa jiki shi ne kashi 64 zuwa 76 cikin ɗari na wannan adadi, wato 106 zuwa 126. To ni ina fita wajen ƙarfe takwas, in yi tafiya da sauri ta minti 30, gumi ya karyo, numfashi ya ɗan hau, amma agogon hannuna bai taɓa wuce 98 zuwa 102 ba. Shin wahalar banza nake yi? In koma sassarfa ne har sai na kai 120, ko in riƙa tsallake bisoprolol ranar da zan fita? Sannan idan na iso ƙofar gida na tsaya cak ina lalubar mukulli, jiri yakan ɗebe ni, idona ya yi duhu na ɗan lokaci. Ina kuma son fara ɗaga ƙarfe kaɗan-kaɗan, ban san ko ya halatta ga mai hawan jini ba.

Likitan Zuciya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya. Bari in fara da abin da ya fi hatsari a cikin tambayarka: kada ka tsallake bisoprolol, ko na rana ɗaya, don neman lamba a fuskar agogo. Zan dawo kan dalili.

Ba wahalar banza kake yi ba. Lissafin ne ba naka ba. Idan mutum ya fara motsi, jikinsa yana sakin sinadarin adirenalin, shi kuma ya je ya taɓa wasu 'yan wurare a jikin zuciya da ake kira beta, zuciya ta ƙara gudu. Bisoprolol a kan waɗannan wuraren yake zama ya tare hanya, shi ya sa ake kiran danginsa beta-buloka. Kamar babur ne da aka ɗaure wa totur: ko ka murɗa iya murɗawa, akwai inda ba zai wuce ba. Yawanci irin wannan magani yana rage ƙololuwar bugun zuciya da 20 zuwa 30 a minti, wani lokaci fiye. Zuciyar takan rama ta wata hanya, kowane bugu ya tura jini mai yawa, tsoka kuma ta ƙara zuƙe iskar da ke cikin jinin. Don haka amfanin tafiyar yana nan daram.

Shi wannan lissafi na 220 ya fito ne tun wajen 1971, kuma ko ga lafiyayyen da ba ya shan komai yana iya kuskure da bugu 10 zuwa 12, sama ko ƙasa. Wanda Tanaka da abokan aikinsa suka fitar a 2001, wato a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208, zai ba ka 170. Duka biyun ba su san da zaman bisoprolol ba. Akwai na uku da Brawner da abokan aikinsa na asibitin Henry Ford da ke Detroit a Amurka suka fitar a 2004 daga masu ciwon jijiyoyin zuciya da ke shan beta-buloka: a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 164. Naka ya kama 126. Ka lura da kyau. Wannan 126 da kake ɗauka ƙarshen matsakaicin aiki ne, mai yiwuwa shi ne iyakar abin da zuciyarka za ta iya gaba ɗaya a kan wannan magani. Neman 120 ke nan tamkar gudun ceton rai ne a wurinka.

Yanzu mu yi lissafin da ya fi dacewa, irin na Karvonen, wanda yake la'akari da bugun hutu. Cire 58 daga 126, saura 68. Wannan shi ne filin da zuciyarka take da shi tsakanin zama da ƙurewa. Matsakaicin aiki shi ne kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na wannan fili: kashi 40 ya kama 27, kashi 60 ya kama 41. Ka mayar da 58 a kan kowanne, ka samu 85 zuwa 99. Ka ga 98 zuwa 102 da kake gani a agogo ya nuna kana can saman matsakaici ma, ba ƙasa ba. Sai dai kada ka rungumi wannan lissafi kamar aya, shi ma yana iya kaucewa da fiye da bugu 15.

Abin da na fi yarda da shi ga mai shan beta-buloka shi ne numfashi. Ka yi magana kana tafiya. Idan kana iya fitar da cikakkiyar jimla ba tare da ka yanke ta ka ja iska ba, amma ba za ka iya jan baitin waƙa ba, kana daidai. Idan kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa sai ka tsaya haki, ka zarce, rage sauri. Idan kuwa har waƙa kana rerawa, yawo kake yi. Akwai kuma ma'aunin Borg da ake amfani da shi a asibiti, daga 6 zuwa 20, inda 6 yake zama ba motsi, 20 kuma ƙarfi ya ƙare ƙaf. Kai 12 zuwa 13 kake nema, abin da mutum zai ce "da ɗan wuya, amma zan iya ci gaba."

Mai son sanin lambarsa ta gaskiya sai ya yi gwajin zuciya a kan injin tafiya, wanda ake yi a sashen zuciya na manyan asibitocin koyarwa. Ana liƙa wayoyin ECG, wato na'urar da ke zana yadda zuciya take bugawa, a ƙirji, a riƙa ƙara sauri da gangara duk bayan minti uku bisa tsarin Bruce, ana awon jini a kowane mataki. Idan don tsara motsa jiki ne, ana yin sa mutum yana kan maganinsa, kuma a daidai lokacin da ya saba fita. Ba kowa ne yake buƙatarsa ba. Mai tafiya da sauri da ba ya jin komai a ƙirji zai iya ci gaba ba tare da shi ba. Wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya, ko yake jin nauyi a ƙirji idan ya hau bene, ko ya daɗe da ciwon suga ko ciwon ƙoda kuma yana son gudu ko ƙwallo, wannan ya ga likita tukuna.

Dalilin hana tsallake maganin kuwa: idan an daɗe ana toshe wuraren betan nan, jiki yakan ƙara yawansu. Ranar da aka janye maganin kwatsam, adirenalin ya tarar da ƙofofi a buɗe fiye da da, bugun zuciya da hawan jini su yi tsalle, mai ƙuntatacciyar jijiyar zuciya kuma ciwon ƙirji ya taso masa ko abin da ya fi haka muni. Ko likita ne zai cire shi, a hankali yake ragewa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Tambaya ɗaya gare ka, Alhaji: me ya sa aka ba ka bisoprolol? Ba kasafai ake fara ba da shi don hawan jini kaɗai ba. An fi ba da shi ga mai ciwon ƙirji, ko raunin zuciya, ko bugun da ba ya tafiya daidai. Amsar tana iya sauya shawarar.

Ɗan Famasi:

Dakta ya gama da bisoprolol. Ni lokacin da kake fita ne ya tsaya min a rai, ranka ya daɗe. Ka sha ƙwaya ƙarfe shida, ka fita ƙarfe takwas. Bisoprolol yana kai ƙarshen ƙarfinsa a jini awa biyu zuwa huɗu bayan an sha. Hydrochlorothiazide yana fara sa fitsari bayan kamar awa biyu, ya kai ganiya wajen awa huɗu. Ke nan kana fita ne daidai lokacin da ɗaya ya riƙe zuciya, ɗaya yana rage ruwan jiki, amlodipine kuma dama ya saki jijiyoyin jini, ga rana ta fara ɗagawa. Ina jiri ba zai zo ba?

Gyaran ba ya buƙatar taɓa magani. Ko dai ka yi tafiyarka da ka idar da sallar asuba, ka dawo ka sha ƙwayoyinka a lokacin da ka saba, ko ka mayar da ita bayan la'asar sakaliya idan rana ta yi sanyi. Magungunan sau ɗaya a yini an yi su ne su rufe awa 24. Amlodipine ma sai ya yi awa 30 zuwa 50 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka shi bai damu da safe ko yamma ba. Abin da za ka gani shi ne bugun zuciya ya ɗan fi hawa kafin shan ƙwaya ko da yamma fiye da ƙarfe takwas na safe. Wannan ba matsala ba ce, amma ya nuna dalilin da ya sa ba a kwatanta lambar safe da ta yamma.

Ga sauran masu karatu, domin ba duk maganin hawan jini ne yake taɓa bugun zuciya ba. Ku duba ƙarshen sunan da ke jikin kwali. Masu ƙarewa da "lol", irin atenolol, metoprolol, propranolol, da carvedilol da yake ɗan gidansu, su ne masu rage bugu. Verapamil da diltiazem ma suna ragewa, shi ya sa haɗa su da beta-buloka yake buƙatar idon likita sosai. Masu ƙarewa da "dipine", wato amlodipine da nifedipine, ba sa ragewa. Nifedipine ma yakan ɗan ƙara shi. Nasu halin shi ne kumburin idon sawu da jiri bayan an tsaya. Masu "pril" kamar lisinopril da masu "sartan" kamar losartan ba ruwansu da bugun zuciya, don haka mai shan su kaɗai yana iya amfani da lissafin 220 a matsayin kusan-kusan. Doxazosin da methyldopa, wanda aka fi sani da Aldomet, su ne gwanayen sa jiri idan an miƙe da sauri.

Ba mamaki ne a ga amlodipine a kusan kowace takardar magani a nan ba. Binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da yake da amlodipine a ciki ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide saukar da jini a baƙaƙen fata.

Maganin fitsari, irin hydrochlorothiazide, yana fitar da fotasiyam, wani gishirin jini da tsoka da zuciya suke buƙata, tare da ruwa. Idan ya yi ƙasa, tsokar sha-raɓa takan ɗaure cikin tafiya ko cikin dare, jiki ya mutu, wani lokaci bugun zuciya ya rikice. A yi gwajin gishirin jini da aikin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Ayaba, lemo, wake, tumatir, alayyafo da dankalin Hausa suna taimakawa. Amma mai shan "pril", "sartan", spironolactone, ko Moduretic mai amiloride a ciki, nasa fotasiyam ɗin taruwa yake yi, kada ya sayi ƙwayar fotasiyam da kansa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne kemis. An fara motsa jiki, gwiwa ta yi tsami, a je a karɓo diclofenac ko ibuprofen a yi ta sha kullum. Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga jini, su rage aikin maganin. Idan suka haɗu da maganin fitsari da "pril" ko "sartan" a jikin da gumi ya tsotse, ƙoda tana iya tsayawa cikin kwanaki kaɗan. Paracetamol ya fi sauƙi ga ciwon gaɓa na yau da gobe. Maganin mura mai pseudoephedrine ko phenylephrine yana ɗaga jini, haka lemukan gwangwani masu sa kuzari. Sannan maganin ƙarfin maza: sildenafil yana saukar da jini, idan ya gamu da magungunan ciwon ƙirji dangin nitrate kamar isosorbide, faɗuwar tana iya kisa, kuma wasu haɗe-haɗen da ake tallarsu a matsayin na gargajiya ana zuba shi a ciki ba tare da an rubuta ba.

Baban Khalifa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Dakta, an ƙara min bisoprolol ne saboda bugun zuciyata yana kai 95 zuwa 100 ina zaune, jinin kuma bai sauka yadda ake so da sauran biyun ba. An yi ECG da hoton zuciya, aka ce babu matsala. Saura maganar jirin da ɗaga ƙarfe. Kuma ya zan yi da azumi, da watannin zafi?

Mai Gashin Ƙashi:

Alhaji, jirin ƙofar gida yana da bayani mai sauƙi. Lokacin tafiya jijiyoyin jinin ƙafafu suna buɗewa sosai don tsoka ta samu jini. Abin da yake mayar da jinin sama zuwa zuciya shi ne matsawar tsokar sha-raɓa da cinya a kowane taku, kamar famfo. Da ka tsaya cak, famfon ya tsaya, jijiyoyin kuwa suna nan a buɗe, jini ya taru a ƙasa, wanda yake isa kai ya ragu. A jikin da ba magani, zuciya takan yi maza ta ƙara gudu, jijiyoyi su tsuke, a rufe giɓin cikin daƙiƙu. Kai kuwa amlodipine ya hana tsukewar, bisoprolol ya hana gudun. Shi ne duhun da kake gani.

Maganinsa kada ka ƙare tafiya da tsayuwa. Minti biyar zuwa goma na ƙarshe ka riƙa sassautawa, daga sauri zuwa tafiyar kasuwa, daga nan zuwa tafiyar rangwaɗa, har numfashi ya dawo, bugu ya sauko kusa da na hutu, a ce bai fi shi da 10 zuwa 15 ba. Ka ciro mukullin tun kana tafe. Idan dole ka tsaya, ka riƙa ɗaga dundunniya kana saukewa, ko ka yi ta taku a wuri ɗaya. Idan jirin ya riga ya zo, kada ka yi ta maza: tsuguna ko ka zauna nan take, in da hali ka kwanta rigingine ka ɗora ƙafafu a kan kujera ko jikin bango na minti biyu zuwa uku. Kada ka shiga wanka da ruwan zafi kai tsaye, ka ba shi kamar minti 20, domin zafin yana ƙara buɗe jijiyoyin fata, kuma faɗuwa a banɗaki ba wasa ba ce.

Farkon tafiya ma haka, minti biyar zuwa goma a hankali. Zuciyar da ke kan beta-buloka ba ta ɗaukar wuta da sauri. Minti 30 sau biyar a mako ya ba ka minti 150, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kuma ta ce har zuwa 300 akwai ƙarin amfani. In za ka ƙara, fara ƙara lokaci kafin sauri: minti biyar duk mako ɗaya ko biyu. Mai hawan jini da ya dage yakan ga lambar sama ta sauka da 5 zuwa 8 cikin 'yan watanni. Wannan ya kai aikin ƙwaya guda mai sauƙi, kuma shi ya sa wanda ya fara motsa jiki ya kuma rage ƙiba wani lokaci maganinsa yakan yi masa yawa, sai likita ya rage.

Ɗaga ƙarfe ya halatta idan jini yana ƙarƙashin kulawa kamar naka. Hatsarin ba a ƙarfen yake ba, a riƙe numfashi yake, wannan yunƙurin da mutum yake cije leɓe ya ƙulle maƙogwaro kamar mai tura motar da ta maƙale a yashi. A 1985 MacDougall da abokan aikinsa a Kanada suka sa na'ura cikin jijiyar masu gina jiki suna tura nauyi mai yawa da ƙafafu biyu. Matsakaicin abin da suka gani ya kai 320/250, mutum ɗaya ya haura 480/350. Na 'yan daƙiƙu ne, kuma matasa ne ƙarfafa, amma ya isa ya nuna abin da yunƙuri yake yi.

Saboda haka ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau 12 zuwa 15 kana numfashi, ka tsaya saura biyu ko uku kafin ƙarfi ya ƙare. Fitar da iska lokacin ɗagawa, shaƙa lokacin saukewa. Dabarar da ba ta kuskure ita ce ƙirge da baki a fili, ɗaya, biyu, uku. Mai ƙirge ba ya iya riƙe numfashi. Motsi shida zuwa takwas sun isa da farko, zagaye ɗaya ko biyu, hutun minti ɗaya zuwa biyu a tsakani, kwana biyu ko uku a mako ba a jere ba. Ba sai ka sayi komai ba: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, galan mai lita huɗu a kowane hannu ya ishi mai farawa, ga tashi-zauna daga kujera, ga tura bango. Ka guji ɗaga nauyi mai yawa sama da kai, da duk motsin da kai yake komawa ƙasa da ƙirji. Buhun siminti mai kilo 50 kuma a bar wa samari.

Akwai wani motsi da ya yi suna, zaman bango: ka jingina baya da bango, ka zame ƙasa kamar mai zama a kujerar da babu, ka tsaya a haka. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 270, aka buga a mujallar likitancin wasanni ta Birtaniya a 2023, ya samu irin wannan motsi na tsayawa cik yana saukar da jini da kusan 8 a sama da 4 a ƙasa. Tsarinsa minti biyu sau huɗu, hutun minti biyu a tsakani, sau uku a mako. Mai farawa ya soma da daƙiƙa 20 zuwa 30, kuma kada ya sauka har cinya ta kwanta, rabin hanya ya isa.

Maman Ilham, ma'aikaciyar jinya:

Baban Khalifa, sannu da ƙoƙari. Kafin ka yarda da agogon nan ɗari bisa ɗari, gwada shi da hannunka. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa, cikin ɗan kwarin da ke gefen jijiya. Ban da babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. A zaune ka ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Cikin tafiya kuwa na daƙiƙa 10 za ka ƙirga ka ninka shida, ƙafafunka suna taku a wuri ɗaya, domin bugun yana fara sauka da zarar an tsaya. Agogo da haske yake karanta jini ta fata. Idan ya yi sako-sako, ko gumi ya shiga ƙarƙashinsa, ko hannu yana lilo da ƙarfi, sai ya ba da lambar bogi. Ɗaure shi yatsa biyu sama da ƙashin wuyan hannu. Idan ka ji bugun yana tsalle-tsalle ba tsari, ba lissafi za ka yi ba, ECG za ka je.

A makonni biyun farko ka auna jini kafin fita. Zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba goro, ba shayi, ba kofi, ba taba a minti 30 da suka wuce. Auna sau biyu, minti ɗaya tsakani. Idan ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa, ranar ba fita, a nemi likita. Idan ya kai 180/120 ga ciwon ƙirji, ko gani ya dushe, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, wannan asibiti ne a take. Haka idan lambar sama ta gaza 100 kana jin jiri, ko bugu ya gaza 50 jiki ba ƙwari, zauna a gida ka kira. Don jirin nan kuma, yi wannan gwajin sau biyu ko uku: kwanta minti biyar ka auna, miƙe ka auna bayan minti ɗaya, ka sake bayan minti uku. Idan ta sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, kai wa likita lambobin.

Zafi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Sakkwato, Maiduguri da Yamai suke haura digiri 40, mai shan maganin fitsari da beta-buloka ba shi da abin yi a rana daga hantsi har la'asar. Sha ledar ruwa ɗaya, rabin lita, kamar awa guda kafin fita, ka tafi da wata kana kurɓa. Hau sikeli kafin da bayan tafiya: duk kilo ɗaya da ya ɓace lita ɗaya ce ta ruwa. Fitsari ya yi ja kamar shayi, ruwa bai isa ba. Banda wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda raunin zuciya ko ƙoda, shi ya bi ƙa'idarsa. Ranar gudawa, amai ko zazzaɓi ba motsa jiki, kuma a tambayi likita ko za a dakatar da maganin fitsarin na kwana ɗaya ko biyu. Da hunturu kuma akasin haka ne, sanyin asuba yana tsuke jijiyoyi ya ɗaga jini, sai a sa rigar sanyi a tsawaita ɗumama jiki.

Da azumi, mafi aminci shi ne awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗa-baki, ko bayan tarawihi, a rage tsawo da sauri. Tafiyar gab da magariba da wasu suke yi ba ta mai maganin fitsari ba ce. Ka ga likitanka kafin watan ya kama domin a tsara wace ƙwaya za ta koma buɗa-baki, wace za ta zauna a sahur. Maganin fitsari da sahur yana nufin yini guda ana zubar da ruwan da ba za a mayar ba.

Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide ya ƙara kula: beta-buloka yana ɓoye rawar jiki da faɗuwar gaba da suke sanar da mutum suga ya sauka, gumi kaɗai yake bari, gumi kuma dama ana yin sa a tafiya. Ya auna suga kafin fita, in ya gaza 100 ya ci wani abu, ya sa dabino uku a aljihu.

Likitan Zuciya:

Tunda hoton zuciya da ECG lafiya lau ne, Alhaji, ci gaba da tafiyarka a 85 zuwa 100, numfashi ya zama alƙali. In kana son sassarfa nan gaba, ka shigar da ita minti ɗaya-ɗaya cikin tafiyar bayan jirin ya ɗauke gaba ɗaya.

Zaman bango ina da ɗan ja a kansa. Sakamakon binciken gaskiya ne, amma a lokacin da ake yin motsin jini hawa yake yi, kuma shi ne motsin da mutane suka fi riƙe numfashi a ciki ba su sani ba. Ga mai 135/85 ba laifi. Wanda jininsa yake yawo a 160/100 ko sama, ko hawan jini ya taɓa masa ido ko ƙoda, ko aka ce babbar jijiyarsa ta kumbura, ya bari sai an daidaita shi. Kai ma ka jinkirta shi sai ka yi wata guda kana sauran.

Abubuwan da suke sa a tsaya nan take, ba a ƙarasa zagaye ba: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman mai tafiya hannu, muƙamuƙi ko baya, haki da ya fi ƙarfin aikin da ake yi, zufa mai sanyi da tashin zuciya, jiri ana cikin tafiya, ba bayan tsayawa ba, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. Ciwon ƙirjin da bai lafa ba bayan minti biyar na hutu, a sa wani ya tuƙa ka asibiti, kada ka tuƙa kanka.

Idan ka gyara lokacin fita da yadda kake tsayawa, jirin ya kamata ya tafi cikin mako biyu. In bai tafi ba, kada ka jira ranar da aka ba ka. Ka je da takarda mai awon kwana bakwai, safe da yamma, da bugun zuciya a gefen kowanne, da sakamakon gwajin kwance da tsaye da Maman Ilham ta bayyana. Da wannan takardar likitanka zai ga ko hydrochlorothiazide ne zai taɓa, ko bisoprolol zai mayar miligiram 2.5.